Makullin Mota a Hannun Yaro: Jan Kunne ga Iyaye da Samari

Jama'a, duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Marwa, ta bi ta Bogo ta sauka Maga, ya san ba hanyar gudu ba ce. Tun da aka gina madatsar ruwan Maga a 1979 domin noman shinkafar kamfanin SEMRY, hanyar nan ba ta rabuwa da kaya: buhunan shinkafa, kwandunan kifi, 'yan babur da lodi ya fi ƙarfinsu, ga garken shanu da ke tsallakawa ba sallama. Ranar Talata kuwa, da kasuwar Pus da ke gaba da Maga ke ci, sai abin ya ninka. A kan irin wannan hanya ce za ka ga saurayi ya zo hutu ko biki daga Garwa da motar babansa, irin mai ƙasa-ƙasa ɗin nan da aka ƙera domin tsere, ya cika ta da abokai, yana so a san ya iso.

To, bari mu yi lissafi, don lissafi ba ya son kai. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. In ta kai 120, mita 33 ke nan. Direba yakan ɗauki kamar daƙiƙa ɗaya tsakanin ganin saniya da ɗora ƙafa a kan birki, wato ya riga ya shafe mita 33 bai yi komai ba tukuna. Sannan in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya ninkawa yake yi sau huɗu. Tsadar mota ba ta soke wannan lissafi.

Akwai kuma wani hali na motocin tsere da sabon hannu bai sani ba. Da yawansu ƙarfin injin a tayoyin baya yake. Yaro ya shiga kwana, iska ta watso rairayi a kan kwalta, ya taka totur don abokai su yi ihu. Nan take bayan motar ya zame gefe. Gogaggen direba zai sassauta ƙafa a hankali, ya bi da sitiyari ta inda bayan ya nufa. Shi kuwa yaro tsoro ne zai kama shi, ya danne birki, ya fizge sitiyari, motar ta juya ta bar hanya. Ba iya tuƙi ba ne a tayar da mota a kai ta nesa. Iyawar tana cikin wannan rabin daƙiƙar, kuma ba a samunta sai da daɗewa a kan hanya. Ga shi cikin motar dab yake da ƙasa, rami ɗaya ya isa ya fasa taya. Wanda bai ƙware a nan ba, ina ga gangaren dutsen Ngaundare da ke kan babbar hanyar Garwa, inda manyan direbobi ma ke sauka da addu'a a baki?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma babu abin da ya fi shi kashe masu shekara 5 zuwa 29. Abin takaicin a garuruwanmu shi ne, sau da yawa wanda ke cikin motar ne ke fita da ransa, don tana da bel da jakar iska. Ɗan babur da yarinya mai talla ba su da ko ɗaya.

Yanzu ga maganar iyaye, kuma a ganina nan laifin ya fi nauyi. Ba wanda zai ɗora yaron da bai taɓa riƙe linzami ba a kan ingarma ranar hawan salla, amma ga Alhaji ya miƙa makulli yana cewa, "Ai ya girma, bar shi ya ɗan zaga." In abu ya faru sai a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, sai dai ba ta wanke wanda ya yi sakaci. Dokar Kamaru ba ta ba da lasisin tuƙa ƙaramar mota sai mutum ya cika shekara 18, ya kuma ci jarrabawa. Lasisin da aka samo ta bayan fage ko da ya wuce shingen jandarmomi, ba zai riƙe sitiyari a kwana ba. Kuma ranar da aka yi ɓarna, sunan da ke kan takardun mota shi za a fara nema.

Uban da ke son ɗansa ya iya mota, ya kai shi makarantar koyon tuƙi, ya fara masa da ƙaramar mota mara ƙarfi. Watannin farko a sa babba a gefensa, da rana, ba abokai a baya, domin zugar abokai ce ke kai ƙafa ga totur. Lokacin hazo da daren damina a karɓe makullin. Ranar rakiyar amarya kuwa, da samari ke wasan mota suna rige-rige, a ba direban gida ya ja.