Darasi: Ma'aunin Kusancin Jini da Taimakon Dangi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Halitta (S.A.W.). Bayan haka:

Idan hatsi ya ƙare a rumbu kafin kaka, mai ɗan saura yakan fara auna wa ɗansa da shaƙiƙinsa, sannan ɗan baffa, sannan maƙwabci. Ba wanda ya koya masa wannan jeri.

A 1964 wani masanin halittu ɗan Ingila, William Hamilton, ya yi wa wannan ɗabi'a lissafi. Kowane mutum rabin ƙwayoyin gadonsa daga uwa ne, rabi daga uba. Saboda haka tsakaninsa da ɗansa akwai tarayyar rabi, da shaƙiƙinsa ma kimanin rabi. Da kaka, kawu, ko wanda suke uba ɗaya kawai, rubu'i. Da ɗan baffa, sumuni. Ƙa'idarsa ita ce: halin sadaukarwa yana ɗorewa cikin zuriya idan amfanin wanda aka taimaka, bayan an auna shi da kusancin, ya rinjayi hasarar mai taimako. Bincike a ƙauyukan Gambiya ya nuna yaran da kakarsu ta wajen uwa ke raye sun fi samun abinci da tsira.

Almajirin fikihu ba zai ji baƙon abu ba nan. A babin gado, shaƙiƙi yana kange ɗan uwa li'abi. Amma a lura, masana sun siffanta karkatar zuciya ne, ba su halatta ta ba. Ƴan ubanci daga wannan karkata yake samun taki, kuma agola da maraya su ne ke kwana da yunwa idan maigida ya bar wa jini ragama. Murid da ke muhasaba sai ya duba wa yake mantawa ranar rabo.

Lissafin kuma yana da iyaka. Bayan hijira ta 622, an ƙulla ƴan uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar, ba tare da jini ba, har suna gadon juna na ɗan lokaci. Daga baya gado ya koma ga dangi, taimako da nasiha suka saura tsakaninsu. Shayarwa ma haka: tana haramta aure, amma ba ta ba da gado.

Wallahu a'alam.