Idan maganin jin muryoyi bai karɓi ɗanku ba

"Maganin asibiti bai karɓe shi ba." Wannan magana nake yawan ji a bakin iyaye, daga cikin garin Dutsin-Ma har ƙauyukan Kurfi, a aikina na jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa. Sau da yawa gaskiya suka faɗa. Abin da ke ci mini rai shi ne abin da ke biyo baya: a ce ashe ba ciwon asibiti ba ne, a zubar da ƙwayoyi, wani lokaci har a sa wa yaro mari.

Idan mai jin muryoyi ya haɗiyi haloperidol ko risperidone, hanta ce ke sarrafa maganin da wani sinadari mai suna CYP2D6. Ƙarfin sinadarin nan gadonsa ake yi wajen uwa da uba. Kamar injin niƙa yake, na wani yana da gudu, na wani sai a hankali. Mai gudun, magani na iya barin jininsa bai gama aiki ba, muryoyin na nan daram. Mai nawar kuwa, taruwa maganin ke yi ya yi masa yawa. A 1996 masu bincike suka gano wani nau'in sinadarin mai rauni a Zimbabuwe, wanda ya yawaita a baƙar fatar Afirka. A shekarar kuma aka samu kusan kashi 29 cikin 100 na Habashawan da aka gwada masu saurin sarrafawa ne.

An taɓa kawo mini wani saurayi bayan kwana kaɗan da fara magani. Wuya ya karkace, idanu sun kafe sama, harshe waje, miyau na dalala a gaban riga. Mahaifinsa ya ce, "Malam, ka gani ko? Mutanen ɓoye ne suka tashi." Na ce, "Baba, maganin ne ya fi ƙarfin jikinsa." Likita ya ba da umarnin allura, ba a jima ba wuya ya saki. Aka rage masa awo, ya zauna lafiya a kansa.

Ba gado kaɗai ba ne, ba shakka. Taba sigari na rage ƙarfin olanzapine, wani maganin jin muryoyi, tsallake shan magani ma na kawo nasa cikas.

Kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo, magani biyu daban-daban ba sa yi musu. Su ake tanadar wa clozapine, wanda sai da gwajin jini akai-akai. Nan ma gado ya shigo: yawancin mutanen Afirka ta Yamma na da wani nau'in jini da ke kare su daga wani jinsin zazzaɓin cizon sauro, amma yana sa fararen ƙwayoyin jininsu su nuna kaɗan alhali lafiya lau suke. Likitan da ya san haka ba zai yi saurin hana su maganin ba.

Gwajin gado bai zo ɗakunan shan maganinmu ba tukuna, don haka bakinku muke dogara da shi. Idan yayan ɗanku ko kawunsa ya taɓa wannan larura, ku faɗa mana maganin da ya karɓe shi da wanda ya sandarar da shi. Kada a ba ƙane ragowar na wa, kada a sayo ƙwayar Exol a kemis ba da takardar likita ba. Ku ba sabon magani mako huɗu zuwa shida, sai dai in jiki ya sandare, to a dawo a ranar, da kati da kwalin maganin a hannu. In abin ya gagare mu, akwai asibitin koyarwa na tarayya a Katsina, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, za mu rubuta muku takardar zuwa.