Amsoshin Tambayoyinku: Sabar Mai Nauyi Da Azahar

Wani mai kula da kwamfutocin ofis a Magariya yana tambaya: me ya sa babbar kwamfutarsu, wato sabar, take nauyi da azahar?

To Malam, kafin ka zargi intanet, buɗe htop idan Linux ce. In RAM ta cika har na'ura ta koma aron wuri a faifai, nan nauyin yake. Buga df -h ma, don fayilolin rahoto kan cinye faifai a ɓoye.

Amma ni zafi na fi zargi. A Afrilu, Magariya da Dungas kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka, sai na'ura ta rage gudu da kanta kada ta ƙone. Hure ƙurar nan tukuna, Malam.