Rabon 'Ya Mace a Gidan Ubanta

Karatu: Littafin Ƙidaya 27:1-11, 36:1-12, Joshuwa 17:3-6, Ayuba 42:12-15

Manufa: Domin masu bi su gane cewa hana 'ya mace da gwauruwa gado ya saɓa wa Maganar Allah da dokar ƙasa, su kuma san abin da ya kamata a yi tun kafin rana ta ɓaci.

Gabatarwa

Daidaito tsakanin maza da mata magana ce da ake yawan ji a rediyo da wuraren taro, har wasu suna ɗaukarta baƙuwar koyarwa da aka shigo da ita daga Turai. Amma akwai ranar da ake gane matsayin mace cikin iyali ba sai an yi dogon bayani ba, wato ranar rabon gado. A wurare da yawa na ƙasar nan, da zarar an tashi daga zaman makoki, sai dangin mamaci su raba gona da gida da dabbobi tsakanin maza. Matar da ba ta haifi namiji ba kuwa sau da yawa akan nuna mata hanya, ita da ta yi shekaru tana noma gonar tare da mijinta. Abin baƙin ciki shi ne, cikin masu wannan rabo har da waɗanda suka rera waƙar ta'aziyya a bakin kabari.

Mata Biyar a Ƙofar Alfarwa

Sa'ad da Isra'ilawa suka iso filayen Mowab, an ƙidaya maza daga mai shekara 20 zuwa gaba, domin a raba ƙasar alkawari bisa ga yawansu. Zelofehad, mutumin kabilar Manassa, ya riga ya rasu a jeji bai bar ɗa namiji ba. Bisa ga wannan tsari, gidansa ba shi da ko taki ɗaya. Sai 'ya'yansa mata biyar, Mala, da Nowa, da Hogla, da Milka, da Tirza, suka tsaya gaban Musa, da Ele'azara firist, da shugabanni, da dukan jama'a, suka nemi a ba su rabo tare da 'yan'uwan mahaifinsu don kada sunansa ya ɓace.

Abin lura na farko shi ne halin Musa. Bai tsawata musu ba, bai kuma fake da cewa ba a taɓa yin haka ba. Ya kai maganar gaban Ubangiji. Ubangiji kuwa ya tabbatar da cewa matan suna da gaskiya, ya mai da roƙonsu ka'ida ga dukan Isra'ila.

Na biyu, dangi sun kawo irin kukan da ake ji har yau. A sura 36, shugabannin gidan Gileyad sun ce idan matan nan suka auri wata kabila, ƙasar za ta bi su. An saurare su, aka ce matan su auri wanda suke so amma daga cikin kabilar mahaifinsu. An nemi hanyar kiyaye ƙasar dangi ba tare da an ƙwace rabon matan ba.

Na uku, ka'ida ba ta cika kanta. Bayan Musa ya rasu, sai da matan nan suka sake zuwa gaban Joshuwa da Ele'azara suka tuna musu da umarnin, sa'an nan aka danƙa musu rabonsu.

Gaskiya ne ka'idar ta shafi gidan da babu ɗa namiji. Amma Ayuba, wanda yake da 'ya'ya maza bakwai, ya ba 'ya'yansa mata uku gado tare da 'yan'uwansu, Nassi kuwa bai zarge shi ba.

Abin da Dokar Ƙasa ta Ce

Sashe na 42 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsinsa, ko kabilarsa, ko addininsa, ko yanayin haihuwarsa. A ranar 11 ga Afrilu, 2014, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu da suka shafi wannan darasi.

Na farko shi ne shari'ar Ukeje. Wani magidanci ya rasu a 1981 bai bar wasiyya ba, aka ware 'yarsa daga dukiyarsa. Bayan fiye da shekara 30, kotun, ta bakin Mai Shari'a Bode Rhodes-Vivour, ta ce al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa sashe na 42, saboda haka ba ta da ƙarfi. Na biyu shi ne shari'ar Anekwe da Nweke daga Awka a jihar Anambra, inda dangin miji suka nemi raba gwauruwa da gidan mijinta don ba ta da ɗa namiji. Mai Shari'a Clara Bata Ogunbiyi, 'yar asalin jihar Borno, ita ta karanta hukuncin da ya yi tir da wannan al'ada, ya bar matar a gidanta.

Ko da yake shari'o'in sun taɓa al'adar Ibo, tsarin mulkin da aka dogara a kansa na ƙasa duka ne, daga Filato har Adamawa. Haka kuma dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda jihohi da yawa suka kafa irinta, ta mai da wulakanta gwauruwa da sunan al'ada laifi. Maƙwabta Musulmi ma suna da ƙayyadadden rabo na 'ya mace da na matar mamaci a shari'arsu. Abin kunya ne a ce gwauruwa mai bi ita ce ta rasa mai tsaya mata.

Aikin Ikkilisiya

Zuwa kotu yana cin kuɗi da shekaru, yana kuma raba zumunci. Rigakafi ya fi magani. Magidanci ya rubuta wasiyya tun yana da lafiya, ya sa hannu a gaban shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a ciki, ya nemi shawarar lauya. Rubuta wasiyya ba ya jawo mutuwa. Ma'aurata su bincika ko aurensu yana da takardar rajista ta gwamnati, gama sa albarka a sujada kaɗai ba ya mai da aure na doka, wannan bambanci kuwa yakan yi nauyi ranar rabo. Filin da miji da mata suka saya tare, a rubuta sunayensu duka biyu a takardarsa.

Fasto da dattawa kada su ɗauka aikinsu ya ƙare da jana'iza. Su kasance a wurin zaman rabo, su kuma nuna wa wadda aka zalunta hanyar samun taimako, kamar ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi kukan ana ƙyale wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni sun sa a zaɓi mutum bakwai musamman domin gyara lamarin. Zumuntar mata da ta maza suna iya ɗaukar wannan nawaya a yau.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. Me Musa ya yi da aka kawo masa maganar da ba a saba ji ba? Me shugabannin ikkilisiya za su koya?
2. Ta yaya za a kiyaye gonar dangi ba tare da an hana 'ya mace rabonta ba?
3. Me ke hana magidanta masu bi rubuta wasiyya?

Abin Addu'a

A yi addu'a domin gwauraye da marayu da ke cikin rigimar gado a yanzu, da kuma dattawan da za su zauna a kan maganarsu, Ubangiji ya ba su tsoronsa da ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya.