Yadda Ake Gwada Maganin Rauni da na Kumburi

Da damina, in ka shiga fadamun Isa ko na Sabon Birni, ba za ka rasa ganin wanda fartanya ta sara a ƙafa ba, ko wanda ƙaya ta soka. Da kaka kuma lauje da magirbi su yi nasu. Tun kaka da kakanni Gobirawa suna da abin da suke sa wa rauni. Wani ya daka bagaruwa ya barbaɗa, wani ya dafa sassaƙen marke ya wanke gyambo da ruwan, wani ya nemi sabara ko kalgo. In gaɓa ta kumbura, a dafa ɓawon hano. Kowane mai magani ka tambaya, sai ya ce nasa ya fi. To, ƙaƙa za a san mai gaskiya? Abin da wannan darasi zai koya maka ke nan.

Abin da ya sa shaidar baki ba ta isa ba

Ka sani Allah ya halicci jikin ɗan Adam da ikon ɗinke kansa. Ƙaramin yanka, in yana da tsabta, yakan warke ko ba a sa masa kome ba. Saboda haka in mutum ya ce maka, “Na sa ganye kaza, kwana goma na warke,” ba ƙarya ya yi ba, amma bai gaya maka kwana nawa raunin zai yi in da bai sa ganyen ba. Watakila goma ɗin ne. Watakila ma takwas, ganyen ne ya jinkirta shi. Ba a sanin gudun doki sai an jera shi da wani.

Haka kumburi. Wani marubucin Rumawa mai suna Selsus ya lissafa alamunsa huɗu tun kusan shekara 2,000 da suka wuce, watau ja, da kumbura, da ɗumi, da zogi. Jini ne yake taruwa a wurin da aka ji ciwo domin ya yaƙi ƙwayoyin cuta, waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Kumburin kwana biyu ko uku aikin gyara ne, kuma shi da kansa yake saɓewa. Wanda ya daɗe yana ƙaruwa shi ne abin tsoro.

Tushen gwaji

A shekarar 1747 wani likitan jirgin ruwan Ingila, James Lind, ya sami ma’aikatan jirgi 12 da ciwon da ke ruɓar da dasashi. Ya raba su biyu-biyu, kashi shida. Abincinsu ɗaya, makwancinsu ɗaya, amma kowane kashi da maganin da ya ba shi. Waɗanda ya ba lemo su ne suka fara miƙewa. Ka lura da dabararsa: kome ya zama daidai, sai abu ɗaya da ake so a gwada. A kan wannan tushe ake gwada magani har yau.

Matakan gwaji

Na fari, a tabbata wane itace ne. Suna ɗaya yakan hau itace biyu, itace ɗaya kuma yakan yi suna uku, Gobir da nata, Kano da nata. Wani likita Bature, Dalziel, ya yi aiki a ƙasar Arewa, ya tattara sunayen itatuwa na Hausa ya buga su a littafi a 1916. Masana kuma sun saka sunansa cikin sunan da suke kiran hano da shi. Mai gwaji yakan ɗebo ganye da fure da ’ya’ya, ya busar, ya ajiye shaida, ya rubuta wurin da ya samo da watan da ya ɗebo, gama ƙarfin itace yakan sāke daga rani zuwa damina.

Na biyu, a fitar da ƙarfin maganin. A shanya a inuwa, a niƙa, a auna garin, a jiƙa a ruwa ko a wani ruwan ɗakin gwaji, a tace, a ƙafe. Abin da ya saura a gindin kwano shi ake aunawa. Mai magani yakan ce “cikin tafi ɗaya”, amma tafin wani ya fi na wani, shi ya sa ma’auni ya zama tilas.

Na uku, a gwada shi a kan ƙwayoyin cuta. Akan shuka ƙwayoyin da ke sa rauni ya yi mugunya a cikin ɗan faranti mai murfi, a ɗiga maganin a tsakiya, a ajiye a wuri mai ɗumi kwana ɗaya. In da safe an ga fili kewaye da ɗigon, inda ƙwayoyin suka kasa tsirowa, sai a auna faɗinsa.

Na huɗu, a gwada a kan fararen ɓeraye da ake kiwo domin wannan aiki. Gwajin kumburin da ya fi shahara masana uku ne a Amurka suka bayyana shi a 1962. Ana raba ɓerayen kashi-kashi. Kashin fari a ba su ruwa zalla, na biyu a ba su maganin asibiti wanda aka riga aka san aikinsa, sauran a ba su ruwan itacen, waɗansu kaɗan, waɗansu da yawa. Sa’an nan a yi wa kowane allurar wani abu da ake samu daga ciyawar teku a tafin ƙafar baya, ƙafar ta kumbura. Bayan kowace sa’a a tsoma ƙafar cikin ma’auni a ga yawan ruwan da ta ture. In ƙafar waɗanda suka sha itacen ta yi daidai da ta masu ruwa zalla, itacen bai yi kome ba.

Gwajin rauni ma haka yake. A sa ɓera barci da magani don kada ya ji zafi, a yi masa rauni kewayayye a baya, na kowa girma ɗaya. Bayan ’yan kwanaki a ɗora takarda a zana bakin raunin, a yi ta maimaitawa har mako biyu ko uku, a ga na wane kashi ya riga rufewa.

Na biyar, a nemi dafinsa. A duba ko yana taɓa hanta ko ƙoda, kuma awo nawa ne ke cutarwa. Sai an wuce wannan duka ake gwadawa a kan mutane, da yardarsu, a raba su da ƙuri’a. Irin wannan aiki ana yinsa a Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, da Jami’ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962. Neman ilmin magani kuwa ba baƙo ba ne a ƙasarmu, gama Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya wallafa littattafai a kansa.

Abin da gwaji ya nuna

Tambayi majemi abin da bagaruwa ke yi wa fatar jar akuya. Zai ce maka tana tsuke ta, ta hana ta ruɓa. Wannan baurin da ke cikinta, wanda yake akwai a marke ma, shi ke tsuke bakin rauni ya rage tsattsafin jini. A faranti an ga ruwan bagaruwa da na marke suna hana waɗansu ƙwayoyin cuta tsirowa, a ɓeraye kuma an ga ɓawon hano yana rage kumburi. Wannan albishir ne, amma ɓera ba mutum ba ne. Zuma ta wuce su a tafiya, don an gwada ta a kan mutane: da masana suka tara gwaje-gwajen a 2015, suka ga ƙunar da ba ta yi zurfi ba ta fi saurin warkewa da tsabtatacciyar zuma.

Kada ka ga tafiyar ta yi tsawo. A Ingila akwai wani itacen bakin rafi mai ɗacin ɓawo, ana ce da shi wilo. A 1763 wani limamin Kirista, Edward Stone, ya ba da labarin ya gwada garinsa a kan masu zazzaɓi kamar 50. Daga baya masana suka ware abin da ke aiki a cikinsa. A 1897 kamfanin Bayer na Jamus ya gyara shi ya zama asfirin. Sai a 1971 John Vane ya gano yadda yake kashe kumburi. Daga itace zuwa ƙwaya shekara 134 ke nan.

Gwaji yana kuma tona mai cutarwa. Nonon tumfafiya yana ƙona fata, in ya shiga ido yana iya ɓata gani. Mafi muni shi ne ƙasa da kashin shanu, gama a cikinsu ƙwayar ciwon sarƙewar haƙora take zaune. In ta shiga rauni mai zurfi, ko cibiyar jariri, jiki ya sandare, baki ya ƙi buɗuwa, sau da yawa sai mutuwa. Garin magani mai kyau ma, in a ƙasa aka shanya shi inda dabbobi ke wucewa, yana iya ɗauko ta.

Abin da za ka yi

In ka ji rauni, danne shi da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. Wanke shi da sabulu da ruwan da aka tafasa ya huce, ka fitar da ƙasa duka, ka ɗaure. In ya yi zurfi, ko ƙusa ce ta soke ka, ko kare ya cije ka, tafi asibiti ran nan a yi maka allura. In ka ga kumburi na hawa, ko mugunya, ko wari, ko kaluluwa da zazzaɓi, kada ka kwana. Gaya wa likita abin da ka sa tun fari, kada ka ɓoye. In kuwa kai mai magani ne, ga amfanin karatun da ka koya: sami littafi ka riƙa rubuta itacen da ka ba da, da awonsa, da kwanakin da raunin ya yi, har da waɗanda ba su warke ba. Wannan littafi shi masu gwaji za su fara nema a wurinka.

Tambayoyi

1. Don me ake ba kashi ɗaya na ɓeraye ruwa zalla?
2. Faɗi alamun kumburi huɗu.
3. Me ke cikin bagaruwa da ke tsuke rauni?
4. Wace cuta ake ɗauka daga ƙasa da kashin shanu?