Tsara Wuni a Lokacin Kaka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, ga kaka ta kama. Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Kazaure zuwa Daura, ko ya karkata wajen Roni da Gwiwa, ko ya nufi Babura, zai ga garuruwa sun yi tsit da rana, jama'a duk suna gona. Gero yana kwance yana jiran ɗauri, wake ya bushe, riɗi ya isa yanka, gyaɗa tana jiran cira, dawa kuwa tana nan tafe da shigowar hunturu. Abin da aka yi wata huɗu ana wahala a kansa, cikin 'yan makonni ake tattara shi ko a yi hasararsa. Waken da ya wuce lokaci fashewa yake yi ya zube, geron da ya daɗe a ƙasa gara ce ke cinsa, ga kuma tsoron gobara da shigar dabbobi.

A irin wannan lokaci ne ake yawan jin mutum yana cewa ba shi da lokaci. A ganina wuni bai gajarta ƙwarai ba, rashin raba shi ne ke sa ya zama kamar ya gudu. Musulmi kuwa an riga an raba masa wuninsa da salloli biyar. Abin da ya rage gare shi shi ne ya rataya kowane aiki a jikin sallar da ta dace da shi.

Mu fara da Asuba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya roƙa wa al'ummarsa albarka cikin sammakonta. Sahabin da ya ruwaito hadisin, Sakhru al-Gamidi, attajiri ne, ya riƙa aika hajarsa tun da farkon yini, har dukiyarsa ta bunƙasa. Manomi ya fi kowa ganin gaskiyar wannan da idonsa. Roron wake da sanyin safiya ake so, sa'ad da raɓa ta sa kwanson ya yi laushi, domin in rana ta take taɓa shi kaɗan sai ya fashe. Haka yankan gero da dawa, jiki ya fi jure shi kafin hantsi. Wanda ya idar da Asuba ya koma shimfiɗa har ƙarfe 8, ya sayar da sa'o'i biyu mafi tsada a wuninsa. Amma fa sammako tun daren jiya yake farawa: a wasa lauje, a haɗa igiya da buhuna, a cika jarkar ruwa, a sanar da mai amalanke lokacin da ake bukatarsa. Sau da yawa neman waɗannan ƙananan abubuwa da safe shi ke cinye hantsi.

Ruwan nan da na ambata, a ɗebi har da na alwala. Ƙasa duk masallaci ce ga wannan al'umma, saboda haka nisan gona ba ya zama uzurin jinkirta salla. A watannin Oktoba da Nuwamba rana tana gushewa daga tsakiya a wannan yanki namu da ƙarfe 12 da 'yan mintoci. Lokacin zaɓi na Azahar yana nan har inuwar kowane abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da ta rage a lokacin zawali, daga nan La'asar ta shiga har rana ta yi fatsi-fatsi. Wannan yalwa ce babba. Abin da ba shi da kyau shi ne al'adar da ta yaɗu ta cewa bari a ƙarasa wannan kunya, bari a ƙarasa waccan, har mutum ya dawo gida ya haɗa Azahar da La'asar da Magariba a tsaye ɗaya, alhali ba tafiya yake yi ba, ba kuma ciwo gare shi ba. Maigida ya tsayar da lokaci ɗaya sananne wanda kowa zai ajiye lauje, a yi salla, a sha fura, a ɗan kishingiɗa a inuwa. Wannan ɗan barcin rana, watau ƙailula, magabata sun san amfaninsa, kuma 'yan ƙwadagon da suka huta rabin sa'a sun fi waɗanda aka hana hutu aiki da yamma. Aikin da ke son zafi, kamar kaɗe riɗin da ya bushe da sussuka, sai a bar shi ga bayan Azahar. Ranar Juma'a kuwa a ƙidaya ta rabin wuni tun daga farkon mako, kada a ɗauki masu aiki da yawa a ranar sa'an nan a rasa yadda za a yi da su in an kira salla.

Sai maganar rubutu, wadda a nan nake so in daɗe. Kowane maigida ya samu ɗan littafi, ko na 'yan makaranta ne, ya riƙa zama da shi minti goma tsakanin Magariba da Isha'i. Ya rubuta, da boko ko da ajami, dami nawa aka ɗaure yau, nawa aka shigar rumbu, wa aka biya, wa ke bin bashi, sa'an nan ayyuka biyu ko uku da za a fara da su gobe. In bai iya rubutu ba, ɗansa ya rubuta masa. Ibnu Majah ya ruwaito umurnin a biya ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba, kuma yawancin rigimar da ake yi da 'yan ƙwadago a kaka daga mantuwa take tasowa.

Wannan littafi shi ne kuma zai tsare wa mutum zakkarsa. Nisabin hatsi wusuƙi 5 ne, kowane wusuƙi sa'i 60, watau sa'i 300 ke nan, kowane sa'i kuwa mudun Annabi 4. Malaman zamani sun kimanta shi da wajen kilo 650. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, wanda aka shayar da wahala, kamar noman rani da injin ban ruwa, ɗaya bisa ashirin. Wanda ya sami buhu 20 na gero a gonar damina, buhu 2 ba nasa ba ne. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaid, ba a haɗa gero da dawa don cika nisabi, kowanne da lissafinsa, shinkafa ma haka. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, damin da aka ba mai yanka a matsayin lada, da wanda aka yi kyauta da shi a bakin gona, duk suna shiga cikin lissafin abin da gona ta bayar. To, wanda bai rubuta ba, yaya zai tuna da su bayan wata biyu? Abin da ya fi sauƙi shi ne a ware na zakka ranar da aka auna, kafin hatsi ya shiga rumbu, domin abin da ya riga ya shiga rumbu fitar da shi yana yi wa zuciya nauyi.

Mu malaman makaranta mun san kaka tun daga yawan yaran da ke ɓacewa daga aji. Ban ce kada yaro ya taimaki mahaifinsa ba, taimakon iyaye ai ibada ne. Sai dai yaron da ya yi mako shida bai buɗe littafi ba, in ya dawo sai an koma da shi baya. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (R.A.) cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Saboda haka a rage karatu a kaka, amma kada a yanke shi. Yaro ya yi tilawar shafi guda bayan Magariba, babba ya riƙe ɗan abin da ya saba ko da rubu'in hizbi ne.

Daga ƙarshe akwai haƙƙin jiki. Sa'ad da Salmanu al-Farisi ya ga Abud Darda'i yana wahalar da kansa, ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, jikinsa ma haka, iyalinsa ma haka, Annabi (S.A.W.) kuma ya gaskata Salmanu. Hirar dandali da latsa waya har tsakar dare su ne ke cinye Asubar gobe, saboda haka a jingine su har a gama shigar da dawa. Matan gida ma, waɗanda ke kai abinci gona kuma su yi ɓarar gyaɗa da sheƙa, a gaya musu tun da dare yawan masu aikin da za a ciyar gobe da gonar da za a kai musu.

Mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu duba hukuncin bashin da manomi ya ci da damina a kan zai biya da hatsi a kaka.