Yadda Za Mu Sami Urushalima A Taswira

Kullum muna karanta sunan Urushalima cikin Littafi Mai Tsarki, amma da yawa cikinmu ba za su iya nuna ta a taswira ba. Ga hanya mai sauƙi.

Ku duba taswirar da ke bayan Littafinku. Za ku ga layuka sun ratsa ta, waɗansu a kwance, waɗansu a tsaye, kamar zaren masaƙi. Ba a ƙasa aka zana su ba, masana ne suka ƙaga su domin aune.

Na kwance su ne latitud. Ana soma ƙirga su daga Ikwaita, layin da ya raba duniya biyu, zuwa digiri 90 arewa ko kudu. Kowane digiri wajen mil 69 ne. Na tsaye kuwa su ne longitud. A shekarar 1884 wakilan ƙasashe suka yarda a soma ƙirga su daga Girinic ta Ingila. Layin nan ya bi ta Tema a ƙasar Gana.

To, Kano tana digiri 12 arewa, 8 da rabi gabas. Urushalima tana kusa da 32 arewa, 35 gabas. Ku sa yatsa ɗaya a layin kwance, ɗaya a na tsaye, ku bi su. Inda suka gamu, garin ke nan. Lamba ɗaya ba ta isa ba, gama garuruwa da yawa suna kan layi guda.

Wannan ba wasan makaranta kaɗai ba ne. Matuƙan jirgin ruwa na dā sukan san latitud ta wurin tsayin rana ko tauraron arewa. Cikin Ayyukan Manzanni sura 27, hadari ya rufe wa Bulus da abokan tafiyarsa rana da taurari kwana da kwanaki. Su mutum 276 ne, ba wanda ya san inda suke, sai da suka fita tudu suka ji sunan tsibirin Malita ne.

Wuraren nan ba na tatsuniya ba ne, 'yan'uwa. Suna bisa ƙasan nan da muke takawa, kowanne da lambarsa.

Aikin wannan wata: ku nemi digiri 36 arewa, 14 gabas. Wane tsibiri kuka samu? Sa'an nan ku koya wa yaranku.